Marubutan Tarihin Da Nake Komawa Gare Su

Tambaya: Malam, a makaranta tarihi bai taɓa shiga raina ba, don abin da aka ba mu bai wuce haddar sunaye da shekaru ba. Yanzu kuwa ina jin ƙishirwarsa. Su wane ne marubutan tarihin da ka fi so, kuma waɗanne littattafai ne aka rubuta da kyau, irin waɗanda in mutum ya ɗauka ba ya son ajiyewa?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin in kira maka sunaye bari in gaya maka abin da nake auna su da shi, don kada ka ɗauka son rai ne kawai. Ina son daɗin alƙalami ƙwarai, amma shi kaɗai ba ya sa in riƙe marubuci, domin mai daɗin baki ya fi kowa iya sa ka gaskata abin da bai faru ba. Wanda nake komawa gare shi shekara da shekaru shi ne wanda, yana cikin ba ni labari, yake nuna mini inda ya samo shi: wannan na gani da idona, wannan an gaya mini, wannan na tarar a takarda, wannan kuwa zatona ne. Duk waɗanda zan ambata maka sun haɗa wannan da iya ba da labari, wasu sosai, wasu gwargwado, kuma zan gaya maka inda kowanne yake ɗingishi.

Na farko a wurina Ibn Khaldun ne. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, kuma tsakanin nan babu irin kujerar da bai zauna a kai ba: ya yi magatakarda a fadar sarakuna, ya yi jakadanci, ya sha ɗauri a Fas, ya yi alƙalancin Malikiyya a Masar ana cire shi ana mayarwa. Da siyasa ta ishe shi sai ya keɓe kansa a wata ganuwa mai suna Ƙal'at Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau, inda a 1377 ya rubuta Muƙaddima cikin wata biyar, kamar yadda shi da kansa ya faɗa a ƙarshenta. Gabatarwa ce ga babban tarihinsa, Kitabul Ibar, amma ta fi uwar littafin suna.

Buɗe shafukan farko kawai ka ga yadda yake aiki. Ya ɗauko abin da Mas'udi da wasu suka kawo, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000 ko fiye. Bai tsaya kan wa ya ruwaito daga wa ba. Abin da ya tambaya shi ne, wace ƙasa ce za ta ɗauki nauyin runduna irin wannan? A wane fili za ta ja daga, alhali in ta jeru ido ba zai ga ƙarshenta ba, na wannan gefe ba za su san abin da ya sami na wancan gefe ba? Sai ya kawo daular Farisa, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba, ya ce mafi yawan abin da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya, inda ta kara da Musulmi, 120,000 ne, in an haɗa da barorinsu su haura 200,000. Daga nan ya shiga lissafa hanyoyin da ƙarya ke bi ta shiga tarihi: ɓangaranci, yarda da mai kawo labari fiye da kima, fadanci da neman shiga wurin masu mulki, sannan babbar cikinsu, jahiltar yadda al'umma take gudana. Wanda bai san yadda ake tara haraji ko ciyar da soja ba, duk adadin da aka faɗa masa zai haɗiye.

Wannan darasi ne da nake so kowane ɗalibi ya fara da shi, tun kafin ya kai ga sanannen bayaninsa na asabiyya, wato yadda haɗin kan mutanen daji yake kafa daula, jin daɗin birni ya narkar da shi, daular ta tsufa cikin zuriya uku, kimanin shekara 120. Ba a kowace ƙasa wannan bayani yake zama daidai ba, don da daulolin Magrib ya gina shi. Kuma shi ma wani lokaci girmama manya yakan rinjaye shi. Da ya zo kan labarin cewa wai Abbasa, 'yar'uwar Haruna Rashid, ta yi soyayya a ɓoye da wazirinsa Ja'afar Barmaki, babbar hujjar da ya ƙaryata shi da ita ita ce darajar gidansu da addininta, wanda ba irin awon da ya yi wa rundunar can ba ne. Duk da haka ban san littafin da ya fi shi buɗe wa mutum kai ba. In kana karanta Larabci, karanta shi a asalinsa. In kuwa da Turanci ne, fassarar Franz Rosenthal ta 1958 ita ce madogara, akwai kuma taƙaitacciyarta a mujalladi ɗaya. Nemi tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa ma, inda ya ba da labarin yadda aka zura shi da igiya ta saman ganuwar Dimashƙa a 1401 ya je ya gana da Taimur, wanda ya yi wa birnin ƙawanya.

Ɗabari, wanda ya rasu a Bagadaza a 923, hanyarsa daban ce, kuma ita ma gaskiya ce irin tata. Yakan jero maka ruwayoyi da isnadinsu, har masu cin karo da juna, ya bar maka hukunci. A gabatarwar Tarihur Rusul wal Muluk ya yi gargaɗi ƙarara cewa in mai karatu ya ci karo da abin da ya ga bai dace ba, to daga masu ruwaya ya zo, shi isarwa kawai ya yi. Shi ya sa nakan ji zafi in na ji wani ya tsinko ruwaya ɗaya ya ce "Ɗabari ya ce". Ɗabari ya kawo dai. Ba littafin da ake farawa da shi ba ne, amma ka san da zamansa.

Cikin Girkawa mutane kan rabu biyu, masu son Herodotus da masu son Thucydides. Herodotus ya fi daɗin hira. Yana ba da labarin yaƙin Girka da Farisa, sai ya ratse ya kai ka Masar, ya kai ka Babila, ya dawo, kuma ya faɗa da bakinsa cewa aikinsa ya faɗi abin da ake faɗa, amma ba dole ne ya yarda da duka ba. Ni dai na fi karkata ga Thucydides. Shi kwamandan sojan Atina ne a yaƙinsu da Sparta, wanda ya ɓarke shekara 431 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya makara wajen ceton wani gari mai suna Amphipolis, aka kore shi daga ƙasa har shekara 20, kuma korar nan ce ta ba shi damar jin ta bakin ɓangarorin biyu. Ya koka da cewa mutanen da suka halarci abu guda kowa da irin labarin da yake bayarwa, wani saboda son nasu, wani saboda mantuwa. Ya kuma amsa cewa jawaban da ke cikin littafin ba kalma da kalma ba ne, ya rubuta abin da ya ga ya dace a ce ne a wurin, yana bin ma'anar abin da aka faɗa gwargwadon iko. Marubucin da ya gaya maka wannan tun a farko ya cancanci ka saurare shi.

Wurare uku nake so ka karanta ko da ba ka gama sauran ba. Akwai annobar da ta auka wa Atina, wadda shi ma ta kama shi ya tashi, ya siffanta ta daga ciwon kai da jan ido har zuwa yadda mutane suka daina tsoron doka da yi wa gawa sutura. Akwai muhawarar jakadun Atina da mutanen ƙaramin tsibirin Melos, inda aka gaya musu ido da ido cewa mai ƙarfi yana yin abin da ya iya, mara ƙarfi kuma ya jure abin da ya zame masa dole. Da suka ƙi miƙa wuya aka kashe mazansu, aka bautar da mata da yara. Nan take kuma sai ya bi da tafiyar Atina zuwa Sisili, inda rundunarta ta halaka, aka zuba dubban da suka rage cikin ramukan fasa dutse, rana ta gasa su, sanyin dare ya bi. Bai ce maka alhaki ne ba. Ya dai jera su a haka, ya ci gaba.

A Sin akwai Sima Qian, mai littafin Shiji, babi 130. Ya kare wani kwamanda da ya miƙa wuya ga abokan gaba, sarki ya fusata, aka kai ga Sima Qian ya zaɓi mutuwa ko dandaƙa. Ya zaɓi wulaƙancin don ya ƙarasa aikin da mahaifinsa ya bar masa wasiyya. Babukansa na tarihin mutane ɗaiɗaiku, da ministoci da 'yan kasuwa da masu kisan ɗauki ɗai-ɗai, su ne inda daɗin yake.

To amma na san abin da ka fi nema shi ne littafin da zai riƙe ka tun daga daren farko, don haka bari mu zo ga na zamani. Fara da ɗan ƙaramin littafin Natalie Zemon Davis, The Return of Martin Guerre, na 1983. A wani ƙauye mai suna Artigat a kudancin Faransa, wani magidanci, Martin Guerre, ya ɓace a 1548 ya bar mata da ɗa. Bayan shekara takwas wani ya bayyana ya ce shi ne. 'Yan'uwa mata suka karɓe shi, matar ta karɓe shi, har suka haihu. Sai rigimar dukiya ta haɗa shi da baffan Martin, magana ta kai kotu a Toulouse a 1560. Mutumin nan, Arnaud du Tilh, yana dab da kuɓuta saboda ya san sirrin gidan fiye da zato, sai ga Martin na gaskiya ya shigo da ƙafar katako, ya rasa tasa a yaƙi. Aka rataye mai sojan gonan a ƙofar gidan da ya ci amana.

Abin da ya sa nake ba ɗalibai wannan littafi ba labarin kaɗai ba ne. Takardun shari'ar sun ɓace. Abin da ya rage shi ne bayanin da ɗaya daga cikin alƙalan, Jean de Coras, ya wallafa, da wani gajeren bayani, da takardun aure da gado da cinikin gona na ƙauyukan yankin. Da su Davis ta gina rayuwar matar, Bertrande, ta kuma yi zaton cewa matar ta san ba mijinta ba ne, ta zaɓi ta yi shiru. Amma kowane wuri da zato ne takan sa maka alama, ta ce wataƙila, ta ce mai yiwuwa ne, kuma tun a gabatarwa ta faɗa cewa wani sashe na abin da ta kawo ƙirƙirarta ce, sai dai ta ɗaure ta tamau da muryoyin mutanen wancan zamani. Wani masani, Robert Finlay, ya ƙalubalance ta a 1988 cewa ta ɗora wa Bertrande tunanin da takardu ba su nuna ba, ita kuma ta mayar da martani. In ka karanta ukun nan, ka ga yadda ake sana'ar tarihi a fili.

Sai The Black Jacobins na C.L.R. James, mutumin Trinidad, wanda ya fito a 1938. Ban san littafin tarihin da ya fi shi wuta ba. Labarin bayin San Domingo ne, Haiti ta yau, kusan mutum rabin miliyan a gandayen rake da suka azurta Faransa, waɗanda suka tashi a 1791, suka kayar da iyayen gijinsu, suka kayar da sojan Sifaniya da na Ingila, sannan rundunar da Napoleon ya aiko ƙarƙashin surukinsa Leclerc, har suka kafa ƙasarsu a 1804. Jagoransu Toussaint Louverture bai ga ranar ba, don an yaudare shi an kama, ya mutu a kurkuku mai sanyi a duwatsun Faransa a 1803. James bai ɓoye ɓangarensa ba. Ɗan gurguzu ne, kuma yana rubutu yana hangen ranar da Afirka za ta kori 'yan mulkin mallaka. Amma son da yake yi wa Toussaint bai hana shi nuna kuskurensa ba, yadda ya daina bayyana wa talakawansa inda ya dosa, ya riƙa lallashin Faransa har ta ci shi. Rauninsa shi ne ya fi kallon shugabanni, kuma Carolyn Fick ta cike wannan giɓi a 1990 da littafinta kan talakawan da suka yi juyin.

Barbara Tuchman ba ta da digirin dakta, amma ƙalilan ne suka kai ta iya tsara labari. The Guns of August, na 1962, ya buɗe da jana'izar Sarkin Ingila Edward na bakwai a 1910, sarakuna tara a kan dawakai, sannan ya bi watan farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan kwana-kwana. Ka san ƙarshen, amma zuciyarka na bugawa. Sai dai ta yi wa yankin Balkan, inda wutar ta tashi, kallon sama-sama, ta ɗora yawancin laifin a kan Jamus. Don haka in ka gama ka bi da The Sleepwalkers na Christopher Clark, na 2012, wanda ya fara da kisan Sarkin Sabiya a fadarsa a 1903, ya rarraba alhakin a kan manyan ƙasashen duka. Shi ma an zarge shi da sassauta wa Jamus. Wannan dabara ta karanta biyu masu jayayya kan abu guda ta fi karanta goma masu bakin juna amfani.

King Leopold's Ghost na Adam Hochschild, 1998, kan Kwango lokacin da take mallakin Sarkin Beljiyam shi kaɗai, daga 1885 zuwa 1908, yana da wani wuri da ba na mantawa. Wani akawun kamfanin jiragen ruwa, E.D. Morel, yana tsaye a tashar Antwerp yana duba kaya. Jirage na zuwa maƙil da roba da hauren giwa, suna komawa da bindigogi da harsasai da hafsoshi, babu kayan ciniki na a zo a gani. Daga takardun kaya kawai ya gane cewa ba saye ake yi ba, aikin tilas ne. Adadin mutum miliyan 10 da littafin ya ce an rasa kuwa, masana na jayayya a kansa, don ba a yi ƙidaya a lokacin ba. Ka riƙe shi a matsayin ƙiyasi.

In kana son ganin iyakar abin da bin diddigi zai kai mutum, sai Robert Caro. Tun 1982 yake fitar da tarihin shugaban Amurka Lyndon Johnson, mujalladi huɗu sun fito. Da ya ga mutanen karkarar Texas inda Johnson ya tashi ba sa sakin jiki da baƙo, sai ya kwashe iyalinsa ya koma can da zama kimanin shekara uku. Daga nan ya samo babin da ya siffanta rayuwar mata kafin zuwan lantarki: jan ruwa daga rijiya da hannu, wanki, guga da dutsen ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa a murhu cikin tsananin zafi, har bayansu ya ranƙwafa tun ba su tsufa ba. Sai ka karanta wannan kake gane dalilin da ya sa suka riƙe ɗan majalisar da ya kawo musu wuta. Shi ne kuma ya nemo jami'in zaɓen da ya ba shi labarin maguɗin akwati na 13, a zaɓen fid da gwani na 1948 da Johnson ya ci da ratar ƙuri'a 87. Mai son babban hoto kuwa, yadda juyin Faransa da masana'antun Ingila suka sauya duniya, ya nemi littattafai huɗu na Eric Hobsbawm da suka taso daga 1789 zuwa 1991. Ukun farko sun fi ƙarfi. A na huɗun ka sa ido, don ya rayu yana ɗan Kwaminis, kuma hannunsa yakan yi sanyi in ya zo kan Tarayyar Sobiyet.

Kan Afirka, ka tuna cewa a 1963 wani shehin malami na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya tsaya ya ce nahiyar ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shige ta, sauran duhu ne. Ya faɗi haka alhali Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, mutumin Tumbutu, yana nan tun wajen 1655, yana ba da labarin daular Songhai da yadda sojan Maroko suka rusa ta a 1591. Sa'adi yana kukan abin da aka yi wa ƙasarsa, kuma yana aikin magatakarda a hannun magadan waɗanda suka yi ɓarnar, sai ka karanta shi da wannan a ranka. John Hunwick ya fassara mafi yawansa zuwa Turanci a 1999. Trevor-Roper ya kuma faɗi haka bayan ɗan Najeriya Kenneth Dike ya fitar da Trade and Politics in the Niger Delta a 1956. Murray Last, a The Sokoto Caliphate na 1967, ya juya akalar binciken ne da dogaro kan wasiƙu da littattafan Larabci na mutanen daular Sakkwato maimakon rahoton 'yan mulkin mallaka. Yusufu Bala Usman kuwa, a The Transformation of Katsina na 1981, ya ƙi yarda a fassara kowane sauyi da faɗan ƙabila da ƙabila. Ya bi sarauta da kasuwanci da ƙaurar jama'a, ya kuma tuhumi rubutun Turawa irin su matafiyi Barth da jami'in mulkin mallaka Palmer yadda ake tuhumar kowane mai shaida. Rubutunsa yana son natsuwa, amma yana biyan wahala. How Europe Underdeveloped Africa na Walter Rodney, 1972, ƙara ce ya shigar, da hujjoji masu nauyi, ka karanta shi a matsayin mai gabatar da ƙara.

Akwai irin littafin da nake ja wa mutane kunne a kai: wanda ya haɗiye tarihin ɗan Adam gaba ɗaya a shafi 400, kowane babi da amsa guda mai sheƙi, babu wataƙila ko ɗaya. Gwada shi a fannin da ka sani sosai. In ya yi kuskure a nan, kada ka ba shi amana a inda ba ka sani ba. Kuma ka saba da leƙa hashiyar ƙasan shafi, don a nan ake gane wanda ya shiga ma'ajiyar takardu da wanda ya kwafi na gabansa. Maganin wannan duka yana cikin The Historian's Craft na Marc Bloch, Bafaranshen da 'yan Nazi suka harbe a 1944 kafin ya gama shi. A ciki ya bambance shaidar da aka rubuta don a karanta, irin tarihin fada, da shaidar da ba ta yi niyyar zama shaida ba, irin takardar bashi da rasit ɗin haraji, ya nuna dalilin da ya sa ta biyun ta fi wuyar yin ƙarya.

Manya biyu ka bar su sai ƙafarka ta yi ƙwari. Edward Gibbon, mujalladi shida kan faɗuwar daular Rum, 1776 zuwa 1788, Turancinsa abin koyi ne, amma ya zalunci Rumawan Gabas kuma bincike ya wuce shi a wurare da yawa. Fernand Braudel ya rubuta mafi yawan littafinsa kan Bahar Rum a sansanin fursunonin yaƙi a Jamus, babu takardunsa a hannu, ya fito a 1949. Ya fara da duwatsu da teku da iska, ya bi da ciniki da farashi da dauloli, sai a kashi na uku ya zo kan sarakuna da yaƙe-yaƙe. In ka ga farkon ya yi maka nauyi, fara da kashi na ukun, ka karanta yaƙin Lepanto na 1571 tsakanin Usmaniyya da ƙawancen Kiristoci, sannan ka koma baya ka ga abin da ke ƙarƙashinsa.